Yadda ake kula da motar asibiti tun kafin a buga maka ƙofa da tsakar dare

Wata damina shekarun baya ina riƙe da ambilans ɗin wani ƙaramin asibiti a ƙauye, can gefen hanyar Garwa zuwa Gidar a arewacin Kamaru, wajen ƙarfe 2 na dare majo, wato babban nas ɗin asibitin, ya zo ya buga min ƙofa yace Malam tashi, mace ce naƙuda ta tsaya sai an kai ta babban asibiti. Na fito ko takalmi ban sa daidai ba, na shiga na murɗa makulli, sai naji ƙas ƙas ƙas, shiru. Land Cruiser ce mai gazwal, wato dizal, ga ƙasa ta sha ruwa, duk wanda ya taɓa tura irinta ya san ba turin mutum uku ba ne, sai da aka taso samarin unguwa daga barci, mijin matar yana tsaye yana kallona bai ce min uffan ba, wallahi gara ace zagina yayi. Allah ya taimaka muka isa aka yi mata aiki, ita da jaririn lafiya. Da gari ya waye na ɗaga bonet, ashe ba komai ba ne illa kan batir da yayi farin gari ya saki, abin da ruwan ɗumi da sufana lamba 10 za su gyara cikin minti biyar. Kwana tara motar tana tsaye ƙarƙashin darbejiya ban leƙa ta ba.

Tun daga ranar na gane motar haya aiki ke kashe ta, ita kuwa motar asibiti zama ke kashe ta. Mai motar hayar nan ta Marwa da muke kira opep kullum yana kan hanya, ko ƙara kaɗan ta canza zai ji a ranar, kai kuwa taka sai ta yi sati ba ta motsa ba, batir na sauka, taya na sacewa, ɓera na cin waya, kuma ranar da za a neme ta ba a jiran bakanike. Hausawa sun gama magana da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. To ga yadda nake yi, zan fi yin misali da Land Cruiser doguwar nan mai injin 1HZ silinda shida don ita ta fi yawa a asibitocinmu na arewa da ƙetaren Logon, amma mai Hiace ma kusan duk ya shafe shi.

Da farko a san mai motar

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, a zauna da shef ɗin asibiti a tsayar da mutum ɗaya wanda motar ke wuyansa. Ko direbobi uku ne ke karɓa-karɓa, ɗaya ne zai amsa tambaya in ta ƙi tashi. Motar kowa da kowa ba ta da mai duba mata mai, kowa sai yace ai na ɗauka wane ya duba.

Sannan littafi, karne ɗin mota. Ko littafin makaranta na yara ne ya isa. Kwanan wata, kilomita nawa ta tashi nawa ta dawo, ina aka je, lita nawa aka zuba, me aka gani, me aka gyara. Wasu direbobi na ganin karne kamar tarko ne da aka ɗana musu saboda gazwal, ni kuwa shi ya sha fitar da ni kunya, domin ranar da birki ya ba da matsala na buɗe shafi na nuna cewa sau uku na rubuta ana buƙatar filaket, wato takalman birki, ba a saya ba. Kuma karne ne ke fara gaya maka inji ba lafiya, in ka ga tafiyar da ka saba yi ta fara cin gazwal fiye da da, ruwa ba ya tsami banza.

Aikin kowace safiya

Wannan shi ne ƙashin bayan komai, minti 15 zuwa 20 bayan sallar asuba ko da zarar ka karɓi aiki, inji na sanyi, mota a wuri mai daidai ba gangare ba.

Ka fara da bayan mota, ba da inji ba. Da yawa suna yin akasin haka kuma kuskure ne, dalili kuwa tukunyar oksijin. Oksijin da maiƙo ba sa shiri ko kaɗan, giris ko baƙin mai ya taɓa bakin tukunya ko agogonta yana iya kamawa da wuta ba tare da ashana ba, don haka tun hannunka na da tsabta ka gama da ita. Ka buɗe ta a hankali ba fizga ba, ka kalli allura, cikakkiya tana nuna wajen bar 150 zuwa 200 gwargwadon irin tukunyar. Ka rufe ka tsaya ka kalli allurar, in tana sauka da kanta alhali ba a buɗe wa kowa ba to tana yoyo. Ka girgiza ta kaji ko belin da ya ɗaure ta ya kama sosai, tukunyar da ta kwance a ramukan Mora zuwa Dabanga ta fi ƙarfin ƙafar duk wanda ke baya. In iskar da ta rage ba zata kai ku inda kuka saba kai mara lafiya ku dawo ba, gaya wa majo yanzu, ba sai an ɗora mutum ba. Sigari kuwa ko a kusa.

Sai gadon ɗaukar mara lafiya, barankar. Ka fito da shi ka mayar, ka tabbatar yana shiga maƙalinsa yayi ƙas, belolinsa na ɗauruwa, tayoyinsa na juyawa. Fitilun ciki, fanka ko kilim mai sanyaya ciki, soket ɗin da ake jona na'urar zuƙe majina, duk ka kunna kaga. Magunguna da safar hannu aikin nas ne, amma ido ba ya laifi, in ka ga akwati wayam ka yi magana. Ka shafa robar ƙofar baya, in ta yage a sauya, domin mota na gudu iska na jawo ƙura da hayaƙin salansa ta baya ta cusa su ciki, kuma gubar da ke cikin hayaƙin ba a jin warinta, mara lafiya da mai jinya sai dai su fara ciwon kai da jiri a ɗauka ciwon ne.

Yanzu ka zagaya motar. Durƙusa ka leƙa ƙasa inda ta kwana. Baƙin ɗigo man inji ne, ja ko kore ruwan lagireto ne, in kuma ka ga jiƙa ta cikin taya daga ciki to man birki ne ko man aksil, wannan motar ba ta fita sai an duba. Ruwan kilim fari tas ba komai ba ne.

Taya, a nan zan ɗan daɗe. Bugun taya da ƙafa ba awo ba ne, a sayi ɗan gejin iska a ajiye a mota. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko littafin motar, kuma da sanyin safiya ake aunawa. In ka dawo daga tafiya a watan Afrilu da kwalta ke narkewa zaka ga iskar ta ƙaru, kar ka rage, zafi ne, in ta huce zata koma daidai, in ka rage kuwa gobe da safe tayar a sace take, kuma taya mai ƙarancin iska ita ke fashewa a gudu don gefenta na lanƙwasuwa yana ɗaukar zafi. Ka bi ta da ido da hannu, ƙaya, ƙusa, kumburi a gefe, tsagewa. Kumburin gefe ba shi da faci, a cire ta. Zanen taya doka a yawancin wurare milimita 1.6 ne ƙarshe, amma motar da ke shiga laka da mai naƙuda a ciki ban yarda ta kai ko kusa da nan ba. Kuma taya tana tsufa ko ba a taka ta ba, a gefenta bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu, misali 3522 na nufin sati na 35 na shekarar 2022 aka yi ta. In ta haura shekara 6 a ranar nan tamu sai a sa mata ido sosai, mai shekara 10 kuwa ko zanenta kamar sabo a jefar. Ka duba lambar nan in za a sayo taya a kasuwa, akwai masu sayar da tsohon ajiya da sunan sabuwa. Safaya ma taya ce, a auna ta, sau nawa aka yi faci a daji aka sauko da safaya ita ma lagwaɗas. Notin taya ka ɗora musu sufana kaji, musamman in an cire tayar kwanan nan, bayan kilomita 50 zuwa 100 ana sake ɗaure su.

To yanzu ɗaga bonet. Zaro sandar gwada mai, goge, mayar, sake zarowa. Ya tsaya tsakanin alamomin biyu. Baƙin launi a injin gazwal ba abin tsoro ba ne, haka yake yi da wuri. Abin tsoro shi ne ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga kenan, ko kuma ka ga man yana ƙaruwa da kansa yana warin gazwal. Ruwan lagireto ka kalli robar gefe, kuma dan Allah kar ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi, na san mai tabon wannan a fuska har yau. Man birki da na kuloci su ma ka kalli robobinsu, in man birki na raguwa kar ka tsaya ciko kawai, ko filaket sun cinye ko akwai yoyo. Ka danna fambel da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya, ba tsagewa ba sheƙi. Ka matsa tiyoyin ruwa, wanda yayi laushi kamar dafaffen rogo ko ya bushe ƙamas ya kusa fashewa. Sai batir, abokin gabana. Ka kama kawunansa ka murɗa da hannu, in ya motsa a ɗaure. In yayi farin gari, cire na baƙin waya tukuna sannan ja, wanke da ruwan ɗumi da ɗan bikarbonat, ko jiƙaƙƙiyar kanwa ma tana yi, amma kar ya shiga cikin batirin, goge, mayar da ja sannan baƙi, shafa ɗan giris a kai. Yawancin ambilans batir biyu gare su, ɗaya na inji ɗaya na kayan baya, kar ka duba ɗaya ka manta ɗaya. Ka kuma leƙa kusurwoyi ko ɓera ya yi sheƙa, wanda ke barin ɓawon gyaɗa da ragowar soye a mota shi ya gayyato shi.

Ka wanke hannu ka shiga. Tun baka tayar ba ka taka birki sau huɗu biyar har yayi tauri, ka riƙe, ka murɗa makulli rabi ka jira fitilar hita ta mutu, ka duba duk fitilun dashbod sun kama, sannan ka tayar. Birkin zai ɗan nutse kaɗan a ƙafarka, alamar abin da ke taimaka masa na aiki. Ci gaba da riƙewa kamar rabin minti, in yana ta tafiya ƙasa a hankali to akwai matsala, fita babu. Fitilar mai da ta batir dole su mutu cikin daƙiƙoƙi, in ta mai ta ƙi mutuwa kashe injin nan take. Kar ka taka totur da ƙarfi inji na sanyi. Ka kashe rediyo ka saurara, direba da kunne yake tuƙi. Ka leƙa salansa, baƙin hayaƙi yawanci filtan iska ne ya toshe ko nozul, shuɗi tana ƙona mai, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji yayi ɗumi a kai wa bakanike. Sitiyari in ka kaɗa shi kar yayi wasan da ya wuce faɗin yatsu biyu kafin taya ta amsa. Ka kira mai gadi ya tsaya maka, fitilar gaba doguwa da gajera, sigina, fitilar birki, ta ribas, fitilar saman mota mai juyawa, hon, waifa. Jiniya ka ɗan taɓa ta sau ɗaya kawai, asibiti ne akwai masu barci. Ka rubuta a karne, shikenan.

In an dawo daga kai mara lafiya

Komai dare komai gajiya, abu uku ba sa kwana. Na ɗaya wanki. Sa safar hannu, a kwashe jini ko amai tukuna, a wanke da sabulu, sannan ruwan javel, wato bilic mai kulorin. Mu da muka ga kwalarar 2010 a yankin Marwa da Mokolo mun haddace ma'aunin, kulorin kashi 2 cikin 100 na amai da zawo, 0.2 na daɓe da gado da jikin mota, 0.05 na hannu. Yadda za a haɗa ya danganta da ƙarfin javel ɗin da kuke da shi, majo ya rubuta a manna a bango. A bar shi kamar minti 10 sannan a ɗauraye da ruwa don kulorin na cin ƙarfe, kuma kar a gauraya shi da wani maganin wanki. A buɗe ƙofofi ta sha iska.

Na biyu gazwal. Dokata ita ce allura ba ta sauka ƙasa da rabi. Garwa zuwa Marwa wajen kilomita 200 ne, Garwa zuwa Ngaundare ya kusa 280, ba ka san inda za a tura ka ba kuma ba kowane gidan mai ke buɗe da dare ba. Masu tanki biyu a riƙa amfani da dukansu bi da bi, kar ɗaya ya shekara da tsohon mai. Na uku a mayar da abin da aka yi amfani da shi, oksijin, zanen gado, safar hannu.

Maganar zuwa-zuwa

Na san za a ce min Malam ai wani lokaci ba yadda za a yi. Gaskiya ne, na sha zubawa nima. Amma zuwa-zuwa, wato man bakin hanya na kwalba da jarka, ba ka san me ya sha ba kafin ya zo, ruwa, ƙura, kananzir, kuma famfon gazwal da nozul da man kansa suke samun santsi, in ya yi ruwa-ruwa ko ya zo da yashi cinye su yake a hankali, gyaran famfon nan kuwa ya fi kuɗin gazwal na watanni. Araha ba ta ado. In dole ta kama, a bar jarkar ta zauna, a tace da tsumma mai tsabta, kar a juye na ƙasan. A ƙarƙashin filtan gazwal akwai wurin da ruwa ke taruwa, yana da fitilarsa a dashbod, kar ka jira ta kama, duk sati ka sassauta murfin ƙasan ka danna ɗan famfon hannu na saman filtan har ruwan ya gama fita gazwal zalla ya biyo, ka ɗaure. In aka yi kuskure aka zuba esans, wato fetur, a motar gazwal kar ko makulli ka murɗa, a zuƙe tankin tukuna.

Na sati da na wata

Ko ba kira, sau ɗaya a sati a fitar da ita ta yi tafiyar minti 20 zuwa 30 a kan titi har inji ya kai zafinsa. Tayar da ita a tsaye minti biyar ba ya cika batir, rage shi ma yake yi. Ba kuma yawon kasuwa ko ɗauko buhun masarar shef nake nufi ba, wannan wata rigimar ce daban, ranar da aka zo neman mota aka ce ta tafi biki kowa zai yi bayani.

In kuna da ɗan mita ku auna batir. Wanda ya kwana a huce 12.6 cikakke ne, 12.2 ya kai rabi, in inji na aiki ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4, ƙasa da haka altaneta ba ta caji. Zafin Garwa da Kusiri da Injamena da ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu yana ƙafar da ruwan batir, in irin mai murafu ne a ciko da ruwan batir na kanti, ba na rijiya ba, ba asid ba. A samar mata inuwa ko rumfar zana ce.

Filtan iska a lokacin hunturu da ƙurar nan ke rufe rana, duk sati nake buɗewa. A bubbuga a hankali, in da iskar kwamfaresa a hura daga ciki zuwa waje, na takarda ba a wanke shi, in ya huje ko kaɗan a sauya don ƙurar da ta wuce shi kai tsaye cikin silinda take. Land Cruiser tana da ɗan kofi a ƙasan gidan filtan inda ƙura ke taruwa, a zubar. A wanke fuskar lagireto ma, ƙwari da ƙaiƙayi da audugar Sodecoton da ke tashi a hanya lokacin kaka duk suna toshe ta.

Ga wani abu da direbobi da yawa ba su sani ba. Masu makullin taya na gaba da ake murɗawa da hannu, Toyota ta ce a kulle su a yi tafiyar wajen kilomita 16 duk wata don mai ya zagaya a aksil ɗin gaba. In aka bari rani ya wuce ba a taɓa su ba, ranar da kuka kafe a laka ranar zaka ga sun ƙi. Ka gwada giyar taimako ma, babba da ƙarama, amma a kan ƙasa ba a busasshiyar kwalta ba. Duk wata a hau rami a leƙa ƙasa, sifirin ko wani ya karye, shokozoba ko tana zubar da mai, notocin da suka ɗaure sifirin da aksil, robobi, salansa, a buga giris a farfela. Takardu ma a duba, asirans wato inshora, da bizit teknik wato takardar gwajin lafiyar mota, jiniya ba ta hana takarda ƙarewa.

Juye da manyan gyara

A ƙurarmu da zafinmu juyen baƙin mai duk kilomita 5,000 ne ko wata 6, wanda ya riga zuwa, kuma tare da filtan mai. Ambilans ta fi cika wata 6 kafin kilomita, shi ya sa ake mantawa. Mai na injin gazwal 15W-40, injin 1HZ na shan wajen lita 10, a saya a rufe a wurin da aka yarda da shi, jabu ya cika kasuwa. Ka tsaya a kan bakanike har ya gama, ka ga tsohon filta da idonka, ba rashin yarda ba ne, amana ce a wuyanka. Man birki duk shekara 2 a zubar a sa sabo don yana shan danshi, kuma man da ya sha ruwa in birki yayi zafi tafasa yake ƙafarka ta tafi ƙasa ba komai, duk wanda ya san gangaren dutsen nan na Ngaundare da ake kira falez ya san ba wurin gwaji ba ne. A can giya ake sawa ta riƙe mota, ba a sakinta firi don tsimin mai. Lagireto kuma ruwansa na musamman ake zubawa, ruwan rijiya na barin farin dutse a ciki kamar gindin buta ya toshe hanyoyin, wata rana a tsakiyar Waza allura ta hau ja ta ƙona gasket. In a hanya ne dole, zuba abin da ka samu, in ka dawo a wanke a sauya.

Taimin bel kuwa ba ya gargaɗi da ƙara, tsinkewa kawai yake ya tafi da kan inji. A 1HZ yawanci kilomita 100,000 ake sauya shi, akwai fitila mai rubutu T-BELT da ke kamawa, wasu sai su sa a kashe fitilar a ci gaba da tafiya, wannan ganganci ne. An ce Land Cruiser ba ta mutuwa, eh tana da juriya, amma in kana da kyau ka ƙara da wanka.

Damina

Tun watan Mayu a sauya robar waifa da rana ta ƙona, a sa taya masu zane, a ajiye shebur da igiyar ja da katako mai faɗi na ɗora jak don jak a laka nutsewa yake. Ƙasar karal ta wajen Yagwa da Kusiri in ta sha ruwa sabulu ce. Mayo kuwa, wato kogunan damina irin su Mayo Kaliyawo da Tsanaga da ke bushe ƙurmus da rani, cikin awa ɗaya suke cika in an yi ruwa a duwatsun Mandara ko da inda kake ba ɗigo, in ruwa na gudu da ƙarfi ko baka ga ƙasansa ba, jira ya fi, ko mai jinya na kuka. In ka ƙetare ruwa ka taka birki a hankali kana tafiya har ya bushe ya dawo kamawa. In mota ta mutu a cikin ruwa kar ka sake tayarwa, ruwa in ya shiga silinda ba ya matsuwa, ƙarfe ne zai lanƙwashe, a ja ta. Washegari a buɗe man aksil gaba da baya da giyabos, in yayi fari a juye, a sake buga giris, a wanke lakar ƙasan mota kafin ta bushe.

'Yan uwa masu motar kashe gobara, ku da ake kira a 118, duk wannan ya shafe ku da ƙari. Tanki a cike kullum, famfo a tayar a ga yana ja yana turawa, in an zuƙi ruwan Binuwai ko Logon mai yashi a bi shi da ruwa mai kyau, tiyo a shanya kafin a naɗe, tankunan iskar birki a riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ciki, kuma in mota ta kwana iskar birki ta zube a nemo yoyon, don jiran iska ta cika minti uku gida na ci da wuta ba ƙaramin abu ba ne. Masu ambilans ɗin babur mai ƙafa uku a ƙauyuka su kuma sarƙa da birki da notoci, kullum.

Abin da ba ya barin cikin motata, jak da sufanar taya da na gwada da hannuna na tabbatar suna shiga, tocila, wayar jan wuta daga wani batir, fiyus da ƙwan fitila, fambel ɗaya, filtan gazwal ɗaya, lita 2 na baƙin mai, jarkar ruwa, alamar nan mai kusurwa uku, tukunyar kashe wuta da allurarta ke kan kore. In zan ajiye ta da yamma da ribas nake shiga, hancinta na kallon ƙofar fita, in gaya wa mai gadi kar wanda ya ajiye ko babur a gabanta, in kashe fitilun baya in sake leƙawa. Makulli na biyu yana rataye a ɗakin nas mai kwanan aiki, ba a aljihun wanda ya tafi ƙauyensu ɗaurin aure ba.